Berea: kwalejin da ɗan mai kuɗi ba ya samun gurbi a cikinta

A jihar Kentucky ta Amurka, kudu da birnin Lexington, daidai inda filayen kiwo suke ƙarewa duwatsun Appalachia su fara, akwai wani ƙaramin gari mai suna Berea, da kwaleji mai wannan suna a tsakiyarsa. Ɗalibanta ba su fi 1,500 da 'yan kai ba. Tun shekarar 1892 ba ta karɓar kuɗin karatu daga hannun ɗalibi, a ƙasar da irin wannan makaranta kan nemi dala 40,000 zuwa 60,000 a shekara. Amma abin da ya fi ɗaure wa mutane kai shi ne ƙa'idar shiga. Idan iyayenka masu hali ne, komai ƙoƙarinka, ba za a ɗauke ka ba. Ko da mahaifinka tsohon ɗalibin makarantar ne, muddin karatun da ya yi a can ya fitar da shi daga talauci, sai dai ka nemi wata ƙofar.

Berea tana kiran kanta makarantar Kirista, kuma nan ne maganar ta fi jan hankalina. A wurare da yawa, in aka ce makarantar addini, abin da ake dubawa shi ne sunan da ke allon ƙofa, da addu'ar safe, da tufafin ɗalibai. A Berea an kai aƙida wurare biyu da ba a iya yin wasa da su: wa za a ɗauka, kuma wa zai biya. Tarihinta na shekara 170 labari ne na yadda aka ɗauki wannan alkawari, yadda aka saki rabinsa, da irin wuyar da aka sha kafin a komo gare shi.

Wace irin makaranta ce wannan?

Sai an fara da tsarin, domin ba mu saba da shi ba. A Nijeriya, tun yaro yana cike fom ɗin JAMB ya riga ya zaɓi likitanci ko lauya ko injiniyanci, kuma da wuya ya sake leƙa wani fanni, in ban da 'yan darussan gama-gari da ake yi don cika sharaɗi. Ƙananan kwalejojin Amurka masu tsarin ilimi mai faɗi sun sha bamban. Karatun shekara huɗu ne, kuma galibi digirin farko kaɗai suke bayarwa. Ɗalibi zai taɓa tarihi da adabi da falsafa da lissafi da kimiyya, sai wajen ƙarshen shekara ta biyu ya tsayar da fannin da zai ƙware a kai. Ajujuwa ƙanana ne, farfesa da kansa yake koyarwa ya kuma duba rubutun ɗalibi, kuma kusan kowa a cikin makaranta yake kwana.

Tushen abin tsoho ne. Makarantun Turai na zamanin da sun gina karatu a kan fannoni bakwai: nahawu da balaga da mantiki, sannan lissafi da handasa da kiɗa da ilimin taurari. Duk wanda ya taɓa zama a zauren malami a Kano ko Zariya ko Sakkwato ya san ukun farko ba baƙi ba ne, mantikin ma daga Aristotle ɓangarorin biyu suka gaje shi. Manufar ɗaya ce: a gyara wa ɗalibi harshe da tunani kafin a ɗora masa wani abu a kai.

Coci ne ya dasa wannan tsari a Amurka. Harvard a 1636, Yale a 1701, Princeton a 1746, duk mutanen coci ne suka kafa su, kuma horar da limaman coci yana cikin manyan dalilai. A ƙarni na 19, yayin da jama'a suke ta kwarara zuwa yamma, kowace ɗarika ta riƙa kafa tata kwalejin a duk inda mabiyanta suka sauka. Ɗaruruwa aka kafa. Da yawa sun mutu tun da wuri, wasu sun girma sun ajiye addini gefe, wasu kuma sun riƙe shi tamau, kamar Wheaton ta jihar Illinois, inda mai wa'azi Billy Graham ya gama a 1943, inda har yau malami sai ya sa hannu a takardar shaidar bangaskiya kafin ya koyar. Berea ba ta bi ɗaya daga cikin waɗannan hanyoyi ba.

Ɗan mai bayi da ya juya wa gidansu baya

An haifi John G. Fee a 1816 a Kentucky, a gidan da ake riƙe da bayi. Ya haye kogin Ohio ya shiga makarantar tauhidi ta Lane a Cincinnati, kuma a can ne ya yarda har zuciya cewa bauta zunubi ce, domin ta saɓa wa umarnin a ƙaunaci maƙwabci kamar kai. Masu irin wannan ra'ayi da yawa a arewacin Amurka suke zamansu, inda faɗin haka bai kai kudu haɗari ba. Fee ya dawo gida ya hau mumbari a jihar da bauta take halal a doka. Mahaifinsa ya cire shi daga gado. Ya rabu da ɗarikar Presbyterian saboda tana karɓar masu bayi a matsayin 'yan ikilisiya. 'Yan iska sun tare shi sun lakaɗa masa duka ba sau ɗaya ba.

Wanda ya ba shi wurin zama shi ne Cassius M. Clay, wani attajiri kuma ɗan siyasa mai adawa da bauta. Sunan ba zai yi wa masu son dambe baƙo ba: sunan wannan mutumin aka raɗa wa mahaifin Muhammad Ali, shi ma ɗan Kentucky, shi kuma ya sa wa ɗansa. Clay ya ba Fee fili eka 10 a kudancin gundumar Madison. Fee ya kira wurin Berea, sunan wani gari a Makidoniya da aka ambata a Ayyukan Manzanni sura ta 17, inda aka yabi mutanensa da cewa suna bincika Littattafai kowace rana su tabbatar da abin da aka faɗa musu. A 1855 aka buɗe makaranta mai ɗaki ɗaya, wadda take komawa majami'a ranar Lahadi. Ƙungiyar mishan ta American Missionary Association ce take tallafa wa Fee, malaman farko kuma da yawansu daga kwalejin Oberlin ta Ohio suka zo, wadda ta riga ta fara ɗaukar baƙar fata da mata.

A 1859 suka rubuta kundin tsarin kwalejin. A ciki suka ce makarantar za ta kasance ƙarƙashin tasirin Kiristanci tsantsa, kuma saboda haka ne take adawa da ɗarikanci, da riƙon bayi, da fifita wani jinsi a kan wani. A lura da wannan "saboda haka". Ba su ɗauki adawa da bauta a matsayin siyasar da aka jingina wa addini ba, a wurinsu ita ce addinin. Taken makarantar ma daga wannan sura ta 17 aka ɗauko shi, aya ta 26: Allah ya yi dukan al'umman duniya daga jini ɗaya.

Ba su kai ga buɗe kwalejin ba. A watan Oktoba na 1859 John Brown ya kai farmaki ma'ajiyar makamai ta Harpers Ferry da nufin tayar da boren bayi, kudancin Amurka ya ɗauki zafi. Fee yana arewa neman tallafi, ya yi jawabi a wani coci a Brooklyn inda ya ce ana bukatar masu sadaukar da kai irin na Brown amma ba masu bin hanyarsa ba. Jaridun Kentucky suka yanke rabin maganar suka yaɗa. A ƙarshen Disamba, wasu mahaya wajen 60 ɗauke da makamai suka zo Berea suka ba mutanen wa'adin kwana 10 su bar jihar. Gwamna ya ce ba zai iya kare su ba. Suka tattara ya-nasu-ya-nasu suka haye Ohio cikin hunturu.

Yaƙin basasa ya ɓarke a 1861. Fee ya shafe wani ɓangare na yaƙin a sansanin Camp Nelson, inda dubban bayi suka zo suka shiga soja don su 'yantu, yana koya musu karatu yana kula da iyalansu. Da yaƙi ya ƙare, da yawansu suka biyo shi Berea. A shekarar karatu ta 1866 rajistar makarantar ta nuna baƙar fata 96, farar fata 91. Wannan a jihar da shekara guda kafin nan ana mallakar mutum kamar dabba. Fee bai tsaya a aji ba: ya riƙa sayar da filaye a garin ta yadda gidan baƙar fata zai yi maƙwabtaka da na farar fata, don kada a samu unguwar waɗannan da unguwar waɗancan. Edward Henry Fairchild ya zo daga Oberlin a 1869 ya zama shugaban kwalejin na farko, aka ba da digiri na farko a 1873. Kusan shekara 25 aka yi ɗalibai suna kusan rabi da rabi. Cikinsu akwai James Bond, wanda aka haifa cikin bauta, ya tako da ƙafa zuwa Berea yana jan ɗan maraƙin da zai sayar ya biya kuɗin makaranta. Ya gama a 1892, daga baya ya zauna a kwamitin amintattun kwalejin, jikansa Julian Bond kuma ya zama jigo a fafutukar 'yancin baƙar fata.

Yadda aka saki rabin alkawari

Mutane sukan ce dokar jiha ce ta raba baƙi da farare a Berea. Gaskiya ne, amma kafin dokar ta zo, gidan ya riga ya fara tsagewa daga ciki, kuma kuɗi ne sanadi.

William Goodell Frost ya karɓi shugabanci a 1892, ya tarar da makaranta cikin ƙuncin kuɗi. Attajiran arewa da suka zuba dukiya a ilimin 'yantattun bayi bayan yaƙi sun fara gajiya, zuciyar ƙasar ta karkata ga sulhu tsakanin fararen arewa da na kudu. Frost ya samo wani labarin da zai buɗe aljihu: talakawan fararen da ke zaune a lungunan duwatsun Appalachia, waɗanda ya riƙa kwatanta su da jikokin magabatan Amurka da zamani ya wuce ya bari. Ya hau doki ya zaga ƙauyukan yana neman ɗalibai. Yakan karɓi barguna saƙar hannu daga iyaye a madadin kuɗi, ya tafi da su Boston da New York ya shimfiɗa wa masu kuɗi su gani. Dabarar ta ci. Kuɗi suka shigo, gine-gine suka tashi, yawan ɗalibai ya ninka sau da dama.

Ba zan ce Frost bai yi alheri ba. Talaucin duwatsun nan na gaske ne, kuma dubban yaran da ba su da makarantar sakandare a kusa sun samu ilimi ta hannunsa. Amma ya san abin da yake saye da abin da yake biya. Ya yi imani cewa fararen ba za su zo da yawa ba muddin baƙar fata sun kai rabi, don haka ya ƙyale adadinsu ya yi ta raguwa, har zuwa 1903 sun koma wajen kashi ɗaya cikin shida. An ƙara taƙaita cuɗanya tsakanin ɗalibai. Wani malami baƙar fata, J. S. Hathaway, ya ga ba za a taɓa ɗaga shi zuwa farfesa ba, ya bar makarantar. Fee, yana tsoho, ya yi ta ƙorafi cewa an kauce wa manufar farko har ya rasu a 1901.

Cikin 'yan ƙarshen da suka samu fita kafin a rufe ƙofa akwai Carter G. Woodson, wanda ya yi aikin haƙar kwal a West Virginia kafin ya samu shiga sakandare. Ya karɓi digirin Berea a 1903, ya yi digirin digirgir a Harvard a 1912, kuma shi ne ya ƙirƙiro makon tarihin baƙar fata a 1926, wanda ya zama watan da Amurka take warewa kowace Fabrairu.

A 1904 majalisar Kentucky ta zartar da dokar da aka fi sani da sunan wanda ya kawo ta, Carl Day. Ta haramta koyar da baƙi da farare a makaranta ɗaya, ko da mai zaman kanta ce, tare da tarar dala 1,000 ga makarantar da ta saɓa da ƙarin tara a kan kowace rana. Ba a ɓoye wanda ake nufi ba, domin Berea kaɗai ce take haɗa su a duk faɗin jihar. Kwalejin ta kai ƙara har Kotun Ƙoli ta ƙasa, ta sha kaye a 1908, alƙalai bakwai suka goyi bayan jiha, biyu suka ƙi. Hujjar masu rinjaye ita ce kwalejin rajistar jiha take riƙe da ita, jiha kuma tana da ikon gyara sharuɗɗan rajistar da ta bayar. Mai shari'a John Marshall Harlan, shi ma ɗan Kentucky daga gidan masu bayi, ya rubuta ƙin amincewa mai zafi, yana cewa in aka yarda da wannan, babu abin da zai hana jiha ta haramta wa yaran baƙi da farare zama a ajin Lahadi ɗaya a coci, ko ta hana manya shiga kasuwa ɗaya a lokaci ɗaya.

Daga nan Berea ta zaɓi ta zama makarantar farare. Ta tara dala 400,000, rabinsu daga attajiri Andrew Carnegie, ta kafa wa baƙar fata Lincoln Institute kusa da Louisville, aka buɗe a 1912. Makarantar ta yi aiki, a harabarta ma aka haifi Whitney Young, wanda ya zama babba a fafutukar 'yanci. Amma ta fi karkata ga koyar da sana'a da karatun sakandare, ba kwaleji ba ce, kuma tsofaffin ɗalibai baƙar fata da yawa sun ɗauki abin a matsayin sallama. Shekara 46 aka yi a haka. Sai a 1950 aka sassauta dokar, Berea ta sake buɗe ƙofa, Jessie Reasor Zander ta zama baƙar fata ta farko da ta gama bayan dawowar, a 1954. A 1965 ɗalibai da malamai fiye da 50 suka hau mota suka je Alabama suka shiga tattakin Selma zuwa Montgomery na neman wa baƙar fata 'yancin jefa ƙuri'a. Yau baƙar fata suna da kaso mai tsoka, amma rabin nan na 1866 bai dawo ba.

Aji da wurin aiki

Kwalejin tana ba da digiri a fannoni fiye da 30. Akwai falsafa da tarihi da kimiyyar sinadarai kamar kowace irinta, amma akwai kuma aikin jinya, aikin gona, kasuwanci da horar da malamai, abin da wasu kwalejojin masu ji da kansu suke gani kamar ƙasƙanci ne. Berea ba ta da wannan girman kai, domin ɗan talaka yana bukatar ya fita da abin yi. Wajen ɗalibai 10 ne ga kowane malami. Akwai laccocin gama-gari da ake gayyato baƙi daga waje, kuma dole ɗalibi ya halarci adadin da aka ƙayyade a kowane zango. John Fenn, wanda ya ci kyautar Nobel a kimiyyar sinadarai a 2002, a nan ya gama a 1937. Juanita Kreps, 'yar yankin haƙar kwal da ta zama sakatariyar kasuwanci ta Amurka a zamanin Jimmy Carter, ta gama a 1942.

Abin da ya raba ta da sauran shi ne aiki. Kowane ɗalibi, ba tare da togiya ba, yana aikin aƙalla awa 10 a mako. Sabon shiga ba ya zaɓa, inda aka tura shi nan zai je, sau da yawa ɗakin girki ko sharar ɗakunan kwana. Da ya ƙara shekara sai ya nemi aiki mai nauyi: gonar makaranta, gandun dajinta mai faɗin wajen eka 9,000, ɗakin karatu, gyaran kwamfuta, taimaka wa malami a aji, ko shugabantar wasu ɗalibai. Ana biyansa ɗan abin kashewa a kan kowace awa. Mai kula da shi yana auna aikinsa, kuma ranar da zai fita takardar sakamako biyu yake karɓa, ta karatu da ta aiki. Wanda ya yi sakaci da aiki ana iya ja masa kunne har a sallame shi, daidai da wanda ya faɗi jarrabawa.

A leƙa shagon tsintsiya, wanda yake aiki tun 1920. Abin da ake yin tsintsiyar da shi wani irin dawa ne mai dogon kai, ɗan'uwan wadda muke nomawa, sai dai ba don hatsi ake shuka shi ba. Ɗalibi zai jiƙa karan ya yi laushi, ya jera su kewaye da mariƙi, ya taka ƙafa ya ja igiya ta yi tsauri yana naɗawa, ya kitsa saman karan, sannan ya danne tsintsiyar a matsi ya ɗinke ta da babbar allura. Mai yin wannan aiki da rana wataƙila da safe yana ajin lissafi mai zurfi. Haka abin yake a masaƙa da wurin ginin tukwane da shagon kafinta. Otal ɗin Boone Tavern da ke bakin makarantar an gina shi a 1909, bayan matar Frost ta sauki baƙi wajen 300 a gidanta a bazara ɗaya ta ce abin ya isa haka, kuma ɗalibai suna cikin masu yi wa baƙi hidima a ciki.

Akwai masu cewa wannan ba adalci ba ne: ɗan mai kuɗi a wata kwaleji yana hutawa bayan lacca, ɗan talaka a nan yana wanke tukwane. Maganar tana da nauyi, domin awa 10 a kan cikakken karatu ba wasa ba ne, musamman ga yaron da hankalinsa yake gida inda aka bar uwa da ƙanne cikin rashi. Wajen 6 cikin 10 ne suke kai wa ƙarshe. Wannan ya fi abin da 'ya'yan talakawa suke samu a yawancin makarantun Amurka, amma yana nufin da yawa suna zubewa a hanya. Duk da haka ina ganin hikimar tsarin tana cikin kalmar "kowa". A makarantar da wasu suke aiki wasu suna biya, mai share aji ya san matsayinsa. A inda kowa yake aiki, ba wanda zai raina tsintsiya.

Ina Kiristancin yake yau?

Berea ba ta taɓa zama ta wata ɗarika ba, Fee da kansa ya hana. Ba a neman malami ko ɗalibi ya sa hannu a wata shaidar bangaskiya, ba a tilasta zuwa sujada. Akwai limaman coci masu kula da ɗalibai, kuma shekaru da yawa akwai darasi na dole a kan yadda aka fahimci Kiristanci a zamani daban-daban, ana karanta shi da ido irin na tarihi da falsafa. Ɗalibai suna zuwa daga ƙasashe wajen 70, cikinsu har da Musulmi da mabiya Buddha. Dalai Lama, jagoran mabiya Buddha na Tibet, ya ziyarci makarantar a 1994. Manufofinta suna rubuce a wasu alkawura takwas da aka amince da su a 1969 aka kuma yi musu gyara daga baya, ɗaya daga cikinsu yana magana a kan fahimtar bangaskiyar Kirista da ƙauna marar son kai, sauran kuma a kan talaka, aiki, zaman baƙi da farare, daidaiton maza da mata, da hidima ga Appalachia. Duk da cewa da mata aka fara karatun tun ranar farko, sai a 2023 mace ta shugabanci kwalejin, Cheryl Nixon.

Kiristoci masu tsauri suna cewa Berea ta narke, suna kawai ya rage. Wasu daga ɗaya gefen suna tambayar me ya sa har yanzu ake riƙe da sunan. Ina fahimtar damuwar na farkon, domin aƙidar da ba a koya wa na baya tana iya zama al'ada kawai, al'ada kuma tana da saurin sauyawa idan iska ta juya. Amma zamanin Frost ya nuna wani abu: a lokacin ana zuwa sujada dole, ana wa'azi, ana karanta Littafi Mai Tsarki, kuma a lokacin ne aka riƙa janye wa baƙar fata tabarma. Yawan ibada bai tsare alkawarin ba.

Wa yake biya?

Karatun ba kyauta ba ne, wasu ne suke biya. Aikin ɗalibai yana rage kashe kuɗi amma ba shi ne yake ɗauke da makarantar ba. Ginshiƙin shi ne asusun waƙafi, wanda ya haura dala biliyan ɗaya da ɗoriya mai yawa, adadin da ba kasafai ake ganinsa a makaranta mai wannan ƙanƙanta ba. Ana zuba kuɗin a hannun jari, a ci wani ɗan kaso a shekara a bar uwar kuɗin, wato a sha nono a bar saniya. Wannan ne yake ɗaukar wajen kashi uku cikin huɗu na kasafin makarantar. Sauran yana zuwa daga gudummawar shekara-shekara da tallafin gwamnati ga ɗalibai marasa ƙarfi, musamman wanda ake kira Pell, wanda fiye da 9 cikin 10 na ɗaliban Amurkawa a Berea suka cancanta. Abinci da ɗaki kuwa ɗalibi yana biyan gwargwadon ƙarfin gidansu.

Asusun bai taru da dare ɗaya ba. A 1920 kwamitin amintattu ya yanke cewa duk wasiyyar da aka bar wa kwalejin ba tare da sharaɗi ba, waƙafi za ta shiga, ba za a taɓa ta don biyan albashi ko gini ba. Shekara ɗari ana bin wannan, har a lokutan da hannu yake ƙaiƙayi. Wannan ne ya sa ba kowace makaranta za ta iya kwaikwayon Berea ba, ko da ta so.

Tsarin yana da nasa rauni. A rikicin tattalin arziki na 2008 asusun ya zube da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu, kuma tun da babu kuɗin makarantar da za a ƙara, sai da aka rage ma'aikata aka tsuke kasafi. A 2017 majalisar dokokin Amurka ta ɗora harajin kashi 1.4 cikin 100 a kan ribar asusun jami'o'i masu arziki, da nufin irin su Harvard. Berea ta faɗa cikin ragar, saboda idan aka raba asusunta a kan ɗalibanta ta haye ma'aunin. Sai a farkon 2018 aka gyara dokar ta yadda ɗalibai masu biyan kuɗin makaranta kaɗai za a ƙirga, da ƙoƙarin Sanata Mitch McConnell na Kentucky.

A halin yanzu ƙananan kwalejojin coci suna ta rufewa a Amurka. Iowa Wesleyan, wadda aka kafa a 1842, ta rufe a 2023. Birmingham-Southern ta Alabama, wadda ta samo asali shekara guda bayan Berea, ta rufe a watan Mayun 2024. Dalilin kusan ɗaya ne: da kuɗin ɗalibai suke rayuwa, yawan ɗalibai ya ragu, iyaye suna tsoron bashi, sai makarantu suka shiga gasar rangwame har abin da yake shigowa ya kasa biyan albashi. Wannan guguwa ba ta taɓa Berea kai tsaye, domin masu neman shiga sun ninka guraben da take da su, kuma 'yan ƙasashen waje dubbai suke nema alhali 'yan gomomi ake ɗauka a shekara. Haɗarinta yana kasuwar hannun jari da zauren majalisa a Washington. Duk ranar da aka zaftare tallafin Pell, makarantar da kusan dukan ɗalibanta suka dogara da shi ita za ta fara ji a jika, kuma ba ta da ɗan mai kuɗi ko ɗaya da za ta ƙara wa kuɗi don cike giɓin.